Kada Ka Naɗe Ta A Jiƙe

Kawu Sallau ya bar mini mota mai kujera biyu,
ja, gajera, ta girme ni da shekara tara,
ba ta da rufin ƙarfe, sai rumfar tamfol baƙa.
Ya bar mini mukulli da buroshi mai taushin baki,
da magana guda da ya nanata har a gadon asibiti:
“Kada ka naɗe ta a jiƙe.”

Ranar Asabar nake fito da ita a Gyaɗi-Gyaɗi.
In ja birkin hannu, in sauke gilasai,
in lalubo ƙugiyoyi biyu da ke goshinta.
Ta dama ba ta musu.
Ta hagu sai da lallashi, kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa.
Sannan zif ɗin tagar baya, sannu a hankali,
don ledar ta rine kamar haƙoran maci goro,
in ta karye sau ɗaya tabon ya zauna ke nan.
Nakan shimfiɗa tsohon tawul a tsakanin ninki,
sai haƙarƙarin ƙarfe su durƙusa ɗaya bayan ɗaya,
sararin Kano ya faɗo mini a cinya.

Ba a gwada mata ƙarfi.
In ta cije, da dalili:
ko tsatsa a gaɓa, ko zare ya sarƙe.
Ɗigon mai biyu ya fi damtse goma.

Na san maƙiyanta da suna:
ranar bazara mai cin baƙi ta bar toka-toka,
kashin jemage a gindin darbejiya,
kyanwar maƙwabta da ta mai da ita katifa,
da omo, wanda yaron gida ya taɓa zuba mata don neman yabo.
Ruwan sanyi kawai take so, da sabulu kaɗan, da inuwa.
Da ta yage a kafaɗa, Ƙofar Wambai na kai ta.
Malam Barau baduku ya ja zare cikin kaki,
bai ɗago kai ba ya ce,
“Tamfol ba ya mutuwar tsufa, sakaci ke kashe shi.”

Sai wata la’asar ta Agusta a titin Gidan Zoo,
kaina a buɗe, ina jin kaina,
hadari ya taso daga gabas ba sallama.
Gaba cunkoso, baya cunkoso.
Na ratse, na jawo rumfa, ta dama ta kama,
ta hagu ta ce yau ba yau ba.
Wani mai adaidaita ya leƙo yana dariya:
“Alhaji, ina ka baro kwanon gidan?”
Ruwa ya cika mini aljihu.
Wani mai faci, ban san sunansa ba har yau,
ya tsallako kwata, ya dafa gefen da tafin hannu,
ya ce, “Kai ka ja, ni in danna.”
Ƙas.
Ya koma rumfarsa kafin in lalubo godiya.

A gida kujeru sun sha sun ƙoshi.
Zuciya ta ce, buɗe ta su sha iska.
Har na kai hannu ga ƙugiya
na ji muryar daga gadon asibiti.

Na bar ta a tsaye, a miƙe, gilasai a sauke,
na kunna mata fanka, na jawo benci.
Tana ɗiga a siminti, ina ƙirgawa.
Daga cikin damshin wani ƙamshi ya taso,
turaren Kawu, da ya ɓuya a ɗinki shekara da shekaru.

Kwana uku ban taɓa ƙugiya ba.
Kowace safiya sai in ɗora mata bayan hannu
yadda ake duba goshin yaro mai zazzaɓi.
A na huɗu ta yi ɗumi, ta bushe har bakin ɗinki.
Ta hagu ma, da na taɓa ta,
ta saki.