Kayan Ciki

Shekara talatin ina fawa a Katsina,
Kafin a kira assalatu na gama wasa wuƙa,
Na farke awaki dubbai, na farke raguna,
Hanta da hanji da tumbi duk sun san hannuna,
Ashe ni Iro ban taɓa sanin nawa ba, na ciki.

Sai ran da takalmi ya ƙi karɓar ƙafata,
Na danna ƙauri, yatsa ya bar rami kamar a ƙullu,
Fitsari na kumfa, ƙeya na sara.
Na ce jifa ne. Barira ta ja tsaki.

'Yata ce, jinya take koyo.
Ta iske ni a kwata, ta naɗe hannun farar riga,
Ta ce, "Baba, baje mini kayan tunkiyar nan a faifai,
Yau kai za ka saurara, ni zan ja baƙi.

"Loma tun daga haƙori take fara tafiya,
Yawu ya jiƙa ta, harshe ya miƙa wa maƙoshi.
Kai kuwa a tsaye kake zurawa, kana albarka, kana canji.
Akuya ma takan kwanta ta yi tuƙa.
Tumbi ba shi da haƙori, kar ka bar masa aikin baki."

Ta ɗaga tumbi ta ce, "Ga turmi, nan ake kirɓi,
Da wani ruwa mai tsami da ba ka taɓa saye ba.
Maɗaciyar nan da kake jefa wa angulu,
Ita ke warware maiƙo kamar sabulu a wanki.

"Siririn hanjin da kake kitsawa ka rataye,
Shi ne kasuwa, nan jini ke zuwa cefane,
Ya ɗebi na gina tsoka, ya ɗebi na ƙarfin gwiwa,
Ya biya wurin hanta ta duba kaya,
Sannan a bi gida gida ana raba wa jiki.
Abin da ya rage dusa ce, uwar hanji ta tsotse ruwa,
Saura ya kama hanya. Na dabba shi ake kai wa gona taki."

Sai ta ciro ƙoda biyu daga cikin kitse,
Ta aza mini a tafi, da sauran ɗuminsu.
"Rariya ke nan. Ba ta Juma'a, ba ta hutun salla,
Tana tace jini kana barci, ta tura datti mafitsara.
Kai kuma gishiri da hannu biyu, dunƙule huɗu a romo,
Lemon kwalba da hantsi, ƙwayar ciwon baya da dare,
Ruwa kuwa sai in maƙogwaro ya kai ƙara.
Baba, kayan raƙumi ka ɗora wa jaki."

Ban ce komai ba. Ƙuda ya sauka a hantar, ban kore shi ba.

Asibiti sun auna, sun ce da sauran gyara,
Sun ba ni magani, sun ce a rage gishiri sosai.
Yanzu daddawa ke jan ragamar miyata,
Da kwaɗon rama, da gero, da ɗan yankin gwanda,
Ga gorar ruwa a rataye kusa da sikeli.
Sada mai tsire na Ƙofar Ƙaura yana ta yi mini dariya:
"Mahauci ya koma cin ganye, ya gaji abin yankansa!"
Na ce, ci gaba, takalmina dai ya shiga, na ji sauƙi.

Jiya wani yaro ya ce a ba shi ƙoda ta ɗari biyar.
Na ɗauko, na daɗe ina juya ta a hannu,
Har ya ce, "Baba, ana jirana."
Na ƙunshe masa, na ƙara gyara,
Na ce, "Ka sha ruwa yau?"
Ya karɓa, ya tafi yana waiwaye da mamaki.