Abin da Ya Saura a Bakin Baba

Ubana Arzika dillalin albasa ne a Kamba,
harshe huɗu a bakinsa, ban da na zagi.
Yakan ce: Ɗiyata, ciniki ba a lissafi yake ba,
yana cikin ɗan gyaran muryar da ake yi
kafin a faɗi kuɗi.

Saurari "to".
Akwai ta sallamawa, gajera kamar tsinke,
akwai mai jan wutsiya, tooo,
ma'ana ƙara ɗari biyar mu gani,
akwai wadda in surukinka ya yi ta
gara ka laluɓi takalmanka.

Ran nan Hamani Bazabarme ya sauke buhu shida,
aka taya, ya ce "oho".
Wani yaron Gwandu ya zabura:
ya za a yi maka tayi ka ce oho?
Baba ya riƙe masa riga.
A bakinsu, in ji shi, oho na'am ce,
a namu ne ta zama halin ko-in-kula.
Ta tsallaka iyaka, ta sake hula.

Iya Mulika mai atamfa ba ta rufe zance
sai ta liƙa masa "o" ko "abi",
kamar maɓalli a wuyan riga.
Direbobin Gaya "bon" ce sandarsu,
da ita suke dogarawa
kafin su yanke ko gaskiya za su faɗa maka.

Malaminmu ya ja jan biro kan "wato" ɗina,
ya ce ƙaiƙayi ne, a sheƙe.
Na kai ƙara gida. Baba ya yi dariya:
Buhun da ba iska tsakanin albasa da albasa
ruɓewa yake kafin ya ga Legas.

Ashar kuwa, yana da ma'auninsa.
"Shege" na aminai ne,
"ɗan banza" na jikan da ke sace masa goro.
In buhu ya faɗo masa a ƙafa
da Zabarmanci yake ɗurawa
don kada Inna ta gane.
Inna kuwa a Doso aka yaye ta.
Shekara talatin ba ta tona ba.

Bara da damina, bayan la'asar,
ya zube a bakin rumfa.
Ɓarin dama ya shanye.
Harsuna huɗun nan suka watse
kamar kasuwar da hadari ya tasar wa.
Sunana ya tafi. Sunan albasa ma ya tafi.
Muka dawo daga Birnin Kebbi da ledar magani
da abin da iska ta bari a faifai:
"to", "kash", "haba",
da kalma guda da ba a faɗa gaban liman.

Yanzu ni ce tafinta.
To gajera, ruwa yake so.
To mai wutsiya, a juya shi.
Haba, ya ga Inna tana share ido da gefen zane.
Malam, ƙaiƙayin nan muke tuƙawa a gidanmu.

Jiya Hamani ya zo, furfura har gira,
ya durƙusa gaban tabarma.
Baba ya daɗe yana kallonsa,
leɓe na rawa, yana haƙo wani abu daga nesa,
sannan ya ce, tar, ba gargada:
"Shege."

Hamani ya kama hannun da ya mutu
ya ɗora a goshinsa.
Ya ce, "Oho."