Fam Ɗaya a Walsall

Tun asuba Clive Haddon ya isa kasuwar gwanjo,
ruwa na tsuga, lema ta karye.
Ya durƙusa gaban kwalin ayaba
cike da ƙananan faya-fayai masu warin rima da taba,
yatsu na bin su ɗaya-ɗaya
kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

Shekara goma sha tara yana neman guda:
samari huɗu, maƙeran kwaɗo a Willenhall,
da suka shafa ƙyalli a fuska, suka hau takalma masu tudu,
a saba'in da uku suka buga ɗari uku kacal,
daga nan shiru, kamar an shuka dusa.

Ga shi. Jakarsa ta yage a kusurwa.

"Fam ɗaya," in ji Maureen, tana hura shayi.
"Na tsakiyan nan ƙanena ne.
Da labulen mamarmu na ɗinka masa rigar,
wata guda ba ta kula mu ba.
Bas ya tuƙa har ya yi ritaya. Ba ya son zancen."

Da dare Clive ya ɗora allura.
Ƙas-ƙas, kamar suyar gyaɗa,
sai jita ta kama kukan zarto,
ganga ta tsere wa mawaƙi,
murya ta sarƙe a baiti na biyu.
Maganar gaskiya, waƙar ba daɗi.
Minti biyu da 'yan kai.

Ya goge ƙura da hannun riga,
ya mayar da allura farko.
Maƙwabci ya bugi bango.
Clive ya ƙara ƙara.