Wasiƙar da ke ƙarƙashin mota

Ranar rabon gado ita ta faɗo hannuna,
Fijo kat-san-kat mai launin ɓawon ƙwai,
wadda ta girme ni da shekara shida.
Kowace safiya in na ja ta da baya
sai in tarar ta bar mini wasiƙa a ƙasa:
baƙin ɗigo, faɗin dala ashirin.
Kafin Laraba ya kai tafin hannu.

Maƙwabta duk suka zama likitoci.
Wannan ya ce kartar ce ta tsage,
wancan ya ce in sayar in sayi babur,
wai ƙarfe ma da ajalinsa.

Na kai ta wurin Kiyari, bayan Kasuwar Dole.
Tsohon bai ko dubi kile ba.
Ya ce, “Mai maƙaryaci ne, yaro.
Inda ya ɗiga ba nan ya fito ba.
Gangare yake bi, kamar ruwan sama a duwatsun Birni,
ya sauka ƙasa ya shafa wa wani laifi.”

Muka wanke injin da kananzir da tsumma
har lambobin jikinsa suka fito.
Ya aiki Tsahiru gidan mai ƙosai
ya ɗebo toka cikin gwangwanin tumatir,
ya barbaɗa, inji ya yi furfura.
“Tayar.” Na tayar.
Muka tsuguna mu uku, ba mai magana,
shayi na tafasa, ba wanda ya tuna da shi.

Can sai wani siririn zare,
baƙi, mai sheƙi,
ya ratso tokar daga sama, gefen buji na uku,
ƙarƙashin murfin kan inji.
Kartar ba ta da laifi.
Kiyari ya nuna da haɓa, bai ce komai ba.

Noti ɗaya ya yi gardama, ya ci masa fatar yatsa.
Da murfin ya tashi
sai ga juwen, ya bushe kamar ganda.
Ya ɗago shi da bakin wuƙa, ya kai wa hasken rana,
ya yi dariya: “Wannan ba daga kanti ya fito ba.
Hannu ya yanka shi.”

Kwali ne mai kauri. Mai ya sha shi,
amma a kusurwa ɗaya da ta tsira
akwai sauran shuɗi, da rabin rubutu:
haruffa huɗu na farkon sunana,
da hannuna, lokacin ina aji biyar.

Bangon littafina ne na lissafi.
Na tuna bulala shida da mushe ya yi mini,
na tuna na rantse ɓera ne.
Baba yana gefe yana wanke hannu da omo,
ya dawo daga Tanut cikin dare da buhunan gero,
bai ce uffan ba.
Washegari ya sayo mini alewa, ban san dalili ba.

Kiyari ya shimfiɗa sabuwar takardar juwen kan murfin,
yana bin gefe da ƙaramar guduma, ƙwas, ƙwas,
har siffar ta fita da kanta.
“Kar ka ɗaure da fushi,” in ji shi,
“kaɗan nan, kaɗan can.
Wanda ya matse da yawa shi ke sa ta kuka.”

Jaka biyu ya karɓa, ya mayar mini da ɗari.
Tsohon kwalin na naɗe a hankici.

Da dare na shimfiɗa farin buhu ƙarƙashinta.
Da asuba na fito da tocila, ko takalmi babu.
Fari fat.
Na daɗe a tsugune ina dubawa,
kamar wanda ya je gidan waya
aka ce yau ba shi da saƙo.