Ramin Mararrabar Gawo

Ni ne Rabe mai faci.
Shekara goma sha ɗaya ina mararrabar Gawo,
rumfa ɗaya, famfo ɗaya, da bahon gwada tayu.
In ka miƙe, Daura ka nufa,
in ka karya hagu, kasuwar Laraba,
a tsakiya kuwa ga rami.
Na tarar da shi kamar ƙoƙo,
ya zama ƙwarya, ya zama akushi,
bara har agwagi suka yi wanka a ciki.

Iyakar ƙananan hukumomi biyu ta ratsa cikinsa
kamar an ɓare goro.
Ɓarin gabas da masu shi,
ɓarin yamma da masu shi,
ruwan da ya kwanta ne ba shi da uba.

Ran kasuwa mai rasit na gabas ya karɓi ɗari biyu,
kafin tawada ta bushe na yamma ya iso.
Na ce, kowa ya ci ladan kuturu ai ya yi masa aski.
Kowanne ya ce askar tana hannun maƙwabci.

Wata rana suka zo da igiyar awo.
Injiniya Sada ya durƙusa a bakin ramin:
taku tara na gabas, taku bakwai na yamma.
Gabas ta ce, motocinku ne suka fi bi.
Yamma ta ce, ruwanku ne ke gangarowa.
Aka sha lemo a inuwar gawo,
aka ɗau hoto, aka watse,
ramin ya ƙara taku ɗaya kafin kaka.

Sai gabas ta yi fushi ta gina magudana,
ta tsaya cak a kan iyaka,
bakinta a buɗe yana duban rumfata.
Ruwan farko ya tafi min da faci kwali guda.

Ba zan ɓoye ba, ramin nan ya ciyar da ni.
Kowace taya ya fasa, tuwon gidana ne.
Amma ran da babur ɗin Gide ya faɗa ciki,
da kiret takwas na ƙwai da ɗansa a baya,
ni na ɗauki yaron.
Ƙafarsa tana lilo kamar tsumma.
Ban tambaye shi ko shi ɗan gabas ne ba.
Daren nan tuwon bai wuce mini ba.

Direbobi suka gicciye motoci kwana biyu,
ba gero ya fita, ba rasit ya yagu.
Nan da nan aka gano inda askar take.
A kan bencina aka rubuta takarda:
gabas ta kawo kwalbati da siminti,
yamma ta kawo tsakuwa da kwalta,
kuɗin lebura a raba biyu,
fitila kuwa a roƙi jiha.
Kansila Barmo ya nemi a sa sunan garinsu a sama,
aka ƙara awa guda a kan wannan.

Yanzu hanya ta kwanta sumul,
tayu suna wucewa ba sa gaishe ni.
Na ƙara da sayar da man inji da rake.
Ɗan Gide yana zuwa da sanda, yana koyon faci,
yana ɗingishi a daidai inda ramin yake a da.

Abu ɗaya takardar ta manta:
wa zai yashe magudana in leda ta toshe ta?
Na tambayi gabas, ta nuna yamma da baki.
Na tambayi yamma, an ce shugaba ya yi tafiya.
Hadari ya haɗo tun la'asar.
Yaro, miƙo min shebur ɗin nan.