Gidan da Ya Rusuna wa Gawo

Ni birkila ne, ɗan magini.
Ubana da tubali ya ci abinci, ni da siminti.
Shi da tafin ƙafa yake gane ƙasar da ta nuna,
ni buhu nake ƙirgawa, da tifar yashi.

Ran da Barira ta shimfiɗa takardarta a bayan mota,
a filin nan na hanyar Zango, in ka bar Daura kaɗan,
na ga fili fayau a tsakiyar zanen.
Na ce, Injiniya, kin manta ɗaki.
Ta ce, ban manta ba, Sallau,
mai ɗakin yana tsaye a bayanka.

Na waiwaya. Gawo ne.
Tsoho, mai kaushin jiki,
wanda awaki suka sani tun kafin a yanka filaye.
Ni kuwa har na gama ciniki da mai gatari.
Da yamma na aika masa yaro: kada ka zo.

Muka haƙa harsashi muna kewaye saiwa
kamar mai wuce dattijo yana salla.
Rodi ya lanƙwasa inda ban taɓa lanƙwasa shi ba.
Leburori na dariya, wai gida ne ko ƙwarya?
Bango ya tashi, ya tashi,
ya zo daf da reshe,
ya rusuna.

Ta hana filasta, ta hana fenti.
Da muka ɓamɓare katako daga jikin kankare
sai ga zanen itacen ya zauna daram,
kamar shatin tabarma a kumatun wanda ya tashi barci.
Jar ƙasar wurin ta sa muka zuba a kwaɓi,
shi ya sa in la'asar ta yi sakaliya
ba ka sanin inda gona ta ƙare, inda katanga ta soma.

Wata safiya kurciya ta taka ɗanyen daɓe,
sawu bakwai, daga ƙofa zuwa gindin bishiya.
Na ɗauko cokali zan shafe.
Barira ta ce, bar mata,
ta riga mu sa hannu.

Sauran ban gane ba sai da shekara ta zagayo.
Gawo, ƙi ruwan Allah,
da damina yake tuɓe ganyensa,
rana ta sauko tsakar gida ta busar da shanya,
indararo ya kai masa ruwan rufi har gindi.
Da bazara kuwa,
sa'ad da kwano ke gasa maƙwabta kamar tsire,
nan yake yin lif, ya buɗe laima bisa kankare.
Iska ta shigo ta ƙananan tagogin ƙasa,
ta fice ta sama,
yadda take yi a soron kakata.
Na tsaya a falon, takalmi a hannu,
ina jin sanyi irin na gefen randa.
Na ce a raina, ashe Baba,
abin da ka sani ne
aka je makaranta aka ɗauko.

Bana, shekara tara, aka kira ni.
Saiwa ta ɗaga daɓe,
ta tsaga katangar gabas,
tsaga siririya, zare ma da ƙyar.
Mai gidan, Nalado, furfura ta cinye shi.
Na ce, a datse saiwar, aikin wuni guda ne.
Ya daɗe yana kallon sama,
inda 'ya'yan gawo ke kaɗawa kamar kunnen akuya.
Ya ce, Sallau, wa ya tarar da wani?

Ban amsa ba.

Ya ce, to matsar da bangon.

Na matsar da shi taki ɗaya,
buhu goma sha biyu, kwana shida.
Da na dawo kwasar kayan aiki
na tarar a ɗan wurin da muka bari
ƙadangare ya riga ya tare,
yana gyaɗa min kai
kamar shi ya biya kuɗin.