Tanderun Kaka Eulalia

A bayan gida, can wani ƙauyen Salta,
Kaka Eulalia ta ce wa Nicanor:
"Kuɗi babu, amma ƙasa ba ta ƙare ba."

Ya jera tsofaffin tubala,
ya shimfiɗa fasassun kwalabe da gishiri
don zafi ya sami wurin kwana.
Mu jikoki muka tattake laka
da bambaro da kashin doki,
caɓi har gwiwa.

Kwana tara rana tana nata aikin.

Wutar farko ta tsaga shi a gefe.
Nicanor ya ɓata rai.
Ita kuwa ta lakato laka, ta liƙe,
ta zura burodi.

Ya ƙone ta ƙasa.
A tsaye muka cinye shi,
muna hura yatsu.